Ɗigon Jan Farce a Agogon Gudu

Ƙaramar bas ɗin da nake jigilar fasinja da ita tsakanin Konni da Malbaza ta hannu ce, ta sha wuya kafin ta zo gare ni. Ran kasuwa matata ke zama gaba, da kwandon ƙuli-ƙulinta a cinya. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, lambobin agogon gudu ba sa ce mata komai, ga ta da tsoron gudu. Wata rana ta sa na nuna mata inda allura ke tsayawa in tafiya ta yi daidai, ta ɗauko jan farce ta ɗiga a gilashin. Daga nan na shiga uku. Da allura ta gota ɗigon sai in ji, "Malam, ta wuce hwa." Ni kuma in ce, "To zo ki karɓi sitiyarin mana."

Da bazara matar tawa ta rasu. Damina na kankama motar ta fara iya shege. Ina tafiya a hankali sai allura ta zabura ta haye ɗigon, ta dawo ƙasa, ta sake zabura. Injin ya yi ta shaƙewa yana fizga. Na zargi man kwalba da nake sha a bakin hanya, na canja mai sayarwa. Na canja buji, wato fulogi, na wanke matatar mai. Duk a banza.

Gaskiya ban matsa ba. Kujerar gaba takan zama wayam in na sauke mutane, gida kuma ya fi ta shiru. In allura ta haye ɗigon nan sai in ɗaga ƙafa, in ce, "Na ji, na rage." Haka nake hira da agogo daga Tsarnawa, wani gari da ke kan hanyar, har gida, kuma ina jin sanyi a raina.

Amma fasinja ba ruwansu da kewata. Suka fara gudun motar a tasha, wata tsohuwa ma ta sauka a tsakiyar hanya tana salati. Da motar nake ci, dole na kai ta garaji.

Makanikin ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito riƙe da wata waya da ta yi tsatsa. Ya ce, "Baba, wayar mas ta, wadda ka haɗa lantarki da jikin mota. Ruwan da kuka shiga su nac cinye ta. Ita ka rikita agogo, ita ka rikita inji." Na bar shi yana sa sabuwa, na tafi sallar la'asar.

Da na dawo injin na tafiya lau. Har gaban motar ya goge mini da tsumma da fetur, kyauta, ko'ina na ƙyalli. Yana murmushi ya ce, "Akwai wani jan datti ga gilashin, da ƙyar yaf fita."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan zazzaga masa masifa. To me ya yi? Alheri ya yi mini. Na ce Allah ya saka, na ja mota.

Allura ta tsaya cak inda ya kamata, ba rawa ba zabura. Bayan Tsarnawa hanya ta miƙe, na taka sosai, na wuce inda ɗigon yake da nisa. Na kasa kunne. Ba wanda ya ce in rage.