Wuyana da na yi wata huɗu ina rufewa

Salamu alaikum jama'a. Shekara ɗaya da rabi ke nan ban ce uffan ba a nan. Masu cewa Sani ya yi aure ya manta da mutane, ban yi ba. Jinya na yi.

Zan fara da abin da na daɗe ina ɓoyewa. Shekara shida na yi ina buga kartar poka a waya, ni kaɗai a ɗakina a unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon. Na san abin da za ku ce, kuma gaskiyarku, caca ce. Na tuba, na goge ta. Amma son wasan bai fita raina ba, sai na shiga wata ƙungiya a Lyon inda ake bugawa ido da ido ranar Lahadi da rana, ba a sa ko sisi, 'yan robobi kawai ake turawa tsakiyar tebur.

Ranar farko hannuna ya kama rawa har robobina suka watse. Aka yi dariya, aka ce kowane sabon shiga daga waya haka yake yi, zai wuce.

Bai wuce ba.

A wasan ido da ido, kallon mutum ake yi. Ana duba hannunka, idonka, har jijiyar wuyanka, don a gane ko kartarka mai kyau ce. Wani ya ce mini jijiyata tana tona mini asiri, bugawa take kamar ganga. Ni kuma uban wayo, sai na sayi gyale na naɗe wuya, na ƙara da baƙin tabarau. Wata huɗu ina zuwa haka.

A cikin watannin nan na rame har na ƙara huda bel ɗina sau biyu, alhali ci nake kamar gara. Ana sanyi ina zufa. In na hau bene sai zuciyata ta riƙa tsalle. Duk na ɗora wa tsoron tebur da wahalar aiki.

Wata Lahadi aka yi zafi, na kasa jurewa, na cire gyalen da tabarau. Madam Odil tana zaune gabana, wata tsohuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya, wadda kullum sai ta cinye ni. Ta ƙura mini ido, ni ina ta murna a raina wai ta kasa karanta ni. Sai ta kife kartarta ta ce, "Monsieur Sani, haɗiyi yawu in gani."

Na haɗiya. Ta kama hannuna ta danna yatsu biyu. Ta ce, "Wannan ba tsoro ba ne. Wuyanka ya kumbura, zuciyarka kuma ba ta tafiya daidai. Tashi mu je."

Ita ta kai ni asibiti a motarta.

Suka manna mini wayoyi a ƙirji, suka ɗebi jini, suka yi hoton wuya. Likita ya ce wata halitta ce a maƙoshi, tiroyid, take aiki fiye da ƙima, har ta rikita bugun zuciyata. Na ce da ban zo ba fa? Ya ce, "Irin wannan bugun yana iya sa jini ya daskare ya hau kai. Ka zo a kan lokaci."

Wallahi a nan tsoro na gaske ya kama ni. Na juya fuska bango na yi kuka.

Na kira Yaya Rabi, babbar yayata mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge, can babban birnin ƙasar. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Mi ya same ka? Muryarka ba daidai take ba." Washegari ta rufe shago ta hau jirgin ƙasa. Da ta ga fuskata sai ta dafe ƙirji. "Sani, kai ne wanga? Wata nawa kana ce mini ça va, ça va, wai lafiya lau, a waya!" Da ta ji inda aka gano ciwon, sai ta ce, "Zancen karta za mu yi shi in ka warke. Yanzu sha kununka."

Kwana huɗu na yi a kwance. Aka sallame ni da magani iri uku: na rage gudun zuciya, na hana jini daskarewa, da na kwantar da tiroyid ɗin. Awon jini kusan kowane wata, har hannuna ya saba da allura. Inshorar lafiya ta ɗauki mafi yawan kuɗin, amma wata biyu ban yi aiki ba, Yaya ce ta riƙe ni. Akwai lokacin da maganin ya yi yawa, na kumbura, na zama malalaci, sai aka rage.

Makon jiya likita ya saurari ƙirjina ya daɗe, sannan ya ce bugun ya daidaita, sauran magani ɗaya kawai, shi ma ana janyewa a hankali. Alhamdu lillahi.

Yaya Rabi, Allah ya biya ki da Aljanna. Madam Odil, na gode. Ta zo duba ni sau biyu, ita da Yaya suka zauna suna ta yi mini faɗa da Faransanci.

Shawarata: in hannunka yana rawa, kana ramewa ba dalili, zuciya tana gudu kana zaune, je ka a ɗebi jininka. Awo ɗaya ne. Kada ka yanke wa kanka cewa tsoro ne ko gajiya.

Mu kuma da ke zaune a ƙasar nan mu kaɗai a ɗaki, mu riƙa fita inda za a gan mu. In kana da ɗan'uwa da ka daɗe kana jin muryarsa kawai, ka hau metro na cikin gari ko jirgin ƙasa wannan Lahadin, ka je ka dube shi da idonka.