Rabin Waƙar Kakata

Shekarun baya, ina ajin farko a sakandare, yayana yana da shagon haɗa bidiyon biki a Malumfashi. Kwamfutarsa kuwa tsabar nawa, kafin ta buɗe hoton amarya, amaryar ta haihu har ta yaye.

Wata rana ya dawo daga Funtua da faifan ajiya guda biyu, ya haɗe su suka koma ɗaya. Duk abin da aka ajiye, sai kwamfutar ta yanyanka shi, wannan yanki nan, wancan can, su biyun suna aiki tare.

"Kamar shanun huɗa ne," in ji shi. "Biyu na jan garma ɗaya."

Ai kuwa ta tashi kamar an sa mata barkono. Ni na dinga yayatawa a makaranta cewa kwamfutarmu tana gama aiki kafin a ba ta.

A kakar nan matan gidanmu a Dayi suka yi daɓen ɗaki. Kakata ke ba da waƙa, su suna amshi suna dukan ƙasa da madaɓi. Na ɗauke ta a waya tun daga farko.

"Kai, mijin banza, ko cefane babu, sai haska ni kake!" ta ce, tana gyara kallabi.

Waya ta cika, yayana ya juye komai a sabuwar ajiyarsa, muka goge na wayar.

Da damina kakata ta rasu. Bayan an share makoki mahaifiyata ta ce, "Ku kawo min muryar Inna in ji." Ashe a makon nan wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, faifai ɗaya ya ƙone.

Na ce ai da sauƙi, ɗayan na nan. Mai gyara a Funtua ya girgiza kai. "Lafiyarsa ƙalau, samari. Amma rabin komai ne a cikinsa, ko baiti ɗaya ba zai fito ba."



Yanzu komai wuri biyu muke ajiyewa, kowanne cikakke. Sai dai bara da aka sake daɓe, na roƙi matan su rera min waƙoƙin. Suka ɗaga madaɓi, suka kalli juna. Gwaggona ta ce, "Ɗan nan, mu amshi kawai muka iya."