Kyamarar da na kafa a kan soron Kawu

A lokacin ina matashiya mai ji da kai, 'yar gidan 'yan kasuwa a unguwar Banikanni ta Parakou, Jamhuriyar Benin, kuma ta farko a danginmu da ta samu tallafin karatun digirin dokta. Binciken kan gizagizai ne da damina. Aikina shi ne in kafa wata kyamara mai kallon sama, tana ɗaukar hoto tun safe har yamma, tana aikawa da kanta zuwa rumbun ajiya na intanet, inda masu bincike na ƙasashe da dama ke ɗiba. Ana son wuri mai tsayi, ni kuwa nan da nan na tuna da soron Kawuna a Djougou, malamin allo da unguwa ke girmamawa.

Kawu bai so ba. Ya tambaye ni ko abin nan yana ganin mutane, na yi dariya na ce sama kaɗai yake kallo. Gaskiya ban duba ba, zumuɗi ya hana ni. Da maƙwabta suka fara gunaguni, shi ya tsaya ƙofar masallaci bayan La'asar ya ba su tabbaci da bakinsa cewa ba ya ganin kowa. Suka daina gunagunin, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Damina ta yi nisa, ina ɗakina a Parakou ina tantance hotuna, sai na ƙara girman gefen wani. Idon kyamarar mai faɗi ne, yana kwaso har ƙasan kewaye. A can bakin hoton ga tsakar gidan maƙwabcin Kawu, ga makewayin matansa da ba shi da rufi, ga mutum a ciki. Na buɗe na jiya, na shekaranjiya, na watan da ya wuce. Duk haka suke, kuma duk sun riga sun tafi rumbun. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Duk kiran da ya shigo daga Djougou sai in ce shi ke nan wani ya gani.

Malamin da ke duba aikina ya sa aka goge su daga rumbun, amma ya gaya mini ba zai iya sanin wanda ya riga ya kwafa ba. Na hau mota zuwa Djougou, na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa komai, na roƙe shi mu sauke abin kawai mu yi shiru. Sai ya ce, "'Yata, ba da ke maƙwabta suka yarda ba. Da ni ne."

Ya sa babbar rigarsa ya shiga gidan maƙwabcin shi kaɗai. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san mutumin ya cire yaransa daga makarantar Kawu, ya rufe makewayin da kwano, kuma gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninsu.

Na kammala digirin, amma har yau idan na ga hoton gajimare a intanet, gefensa nake fara dubawa. Ku masu neman irin wannan dama, ku nema, alheri ce. Amma abin da ya hau intanet ba ya dawowa hannunku, don haka ku duba da idonku kafin ku sa dattijo ya tsaya muku. Ni sunana ya samu ƙarin "Dakta", Kawu kuwa tun daga ranar bai sake tsayawa ƙofar masallaci ya ba da tabbacin komai ba.