Buroshin Kunnen Alhaji

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, mako biyu bayan ƙaramar Salla, ranar da aka kore ni daga aiki kafin azahar, aka kuma maido ni bayan an idar. Ku da kuka zo daga baya kuna ta tambaya me ya sa muke rataye buroshi huɗu a bango alhali uku ake koya muku, to ga asalin na huɗun.

Lokacin shekarata goma sha ɗaya a wannan wurin wankin mota namu na Fagge, kuma ni ne shugaban masu wanki. Ga wanda bai san tsarin ba, akwai mai ciki, shi ke share kujeru da kafet. Akwai mai jiki. Sai mai ƙafa, wato mai taya da wili. 'Yan kallo suna ɗauka mai ƙafa ne ƙarami don a tsugune yake wuni, amma a nan ba a ba mutum ƙafa sai hannunsa ya faɗa. Idan mota mai tsada ta shigo kuwa, ni da kaina nake tsugunawa.

Dalili shi ne wilin aloyi, wato na alminiyam. Ba irin na ƙarfen nan na motocin haya ba ne da za ka gurje son ranka. Fenti ne a kansa, a saman fentin kuma akwai wani siririn shafi mai sheƙi, wanda idan ya tafi ya tafi ke nan. Shi ya sa buroshinmu uku ne: mai tauri na robar taya kaɗai, mai laushi mai dogon hannu na fuskar wili da saƙo-saƙonsa, sai ɗan ƙarami kamar na goge baki na ramukan noti. A Kasuwar Sabon Gari nake sayo su wurin Oga Chinedu, wanda a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Shi ya koya mini gwajin da nake sa ku yi: “Sani, goga shi a bayan hannunka. In ya yi maka kaushi, wili ma zai ji.”

Wata uku kafin wannan rana aka naɗa mana manaja, Kabiru. Ilminsa a harkar wankin mota mai zurfi ne ƙwarai, domin yayarsa ce matar mai wurin. A makonsa na farko ya gano cewa shekara goma sha ɗaya muna ɓata lokaci, ya shiga kasuwa ya sayo buroshin waya, irin wanda masu walda ke kankare tsatsa da shi. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na cusa shi a bayan tankin ruwa.

Da tsakar ranar wannan Larabar Alhaji Bukar ya iso. Babban dila ne a kasuwar Singa, kuma tsohon mai kawo mana wanki. Sabuwar mota ya zo da ita, baƙa wuluk, wilinta ma baƙi mai ɗaukar ido. Aka kawo masa farar kujera ya zauna dab da ni. Na fesa ruwa don yashi ya sauka, na zuba kumfa, na bar ta ta jiƙa baƙar ƙurar birki, sannan na sa buroshi mai laushi. Shi kuwa wannan buroshi aibinsa ɗaya ne: ba ya ƙara.

“Malam Sani,” in ji Alhaji, “wai wanki kake yi ko lallashi?”

“Wanki ne, Alhaji.”

“To ni ban ji komai ba. Tun ɗazu nake saurare. A shagona in yara suna loda kaya, daga cikin ofis nake jin aiki na tafiya.”

Na ce masa irin wannan wilin a hankali ake bin sa. Ya ce shi tun kafin a yaye ni yake hawa mota. Kabiru, wanda kunnensa ba ya jin kiran a kawo sabulu amma yana jin tarin mai kuɗi daga tsallaken titi, sai ga shi a kanmu. Ya tambayi inda buroshinsa yake, aka zaro masa daga bayan tanki, ya miƙo mini.

“Gurje wa Alhaji wilinsa.”

“Manaja, zai kwashe fentin.”

“Ni zan koya maka aiki ko kai za ka koya min?”

Amsar wannan tambaya a fili take, amma ina da mata da 'ya'ya huɗu, sai na haɗiye ta. Na duba lamarin: in na gurza, wili ya lalace, ni za a kora. In na ƙi, ni za a kora. Tunda duk hanyar gida ɗaya ce, na ga gara in tafi da sunana. Na ce ba zan sa wannan abin a motar mutum ba. Kabiru ya ce in cire takalmin robar wurin in ajiye. Na cire. Wallahi raina ya ɓaci, ba abin da nake tunani sai yadda zan shiga gida da rana tsaka in fuskanci uwar yara.

Kabiru ya naɗe hannun kaftaninsa, ya tsuguna a wilin gaba na dama, karo na farko da na ga gwiwarsa ta kusanci ƙasa ba a masallaci ba. Ya shiga gurza. Ƙara ta tashi, ƙurrr, ƙurrr, har mai shayin bakin titi ya waiwayo.

“Yauwa!” in ji Alhaji. “Ka ji aiki!”

Aka watsa ruwa, wili ya fito yana walƙiya. Ga abin da su biyun ba su sani ba: jiƙaƙƙen wili ba ya nuna rauni. Ruwa yana cike duk wani karce, ka ga abu sumul. Alhaji ya dube ni ya girgiza kai, irin na tausayin ragon mutum. Ana cikin haka aka kira salla, muka ɗunguma masallacin layi. A sahu ɗaya muka tsaya, ni da wanda ya kore ni da wanda ya sa aka kore ni. Allah Ya yafe mini, a wannan sallar rabin hankalina yana kan zafin ranar da ke dukan wilin nan.

Da muka dawo ya bushe ƙayau. Uku baƙi, ɗaya kuwa ya yi fari-fari da zane ko'ina, kamar gindin tukunyar da aka sha gogewa da soson ƙarfe. Alhaji ya zagaya motar sau biyu, ya duƙa, ya shafa da yatsa, ya tofa yawu ya goge ko zai koma. Kabiru ya ce wataƙila sabulu ne ya bushe a kai. Sai Alhaji ya juyo, ba wajen Kabiru ba, wajena.

“Haba Malam Sani! Kai da ka san aikin, kana tsaye kana kallo aka yi min wannan ɓarna?”

Na ce, “Alhaji, ai ba na aiki a nan. Ga takalmina can.”

Alhaji ya kira mai wurin a waya. Ban ji abin da aka faɗa wa Kabiru ba, na dai ga ya ɗauko takalmin da hannunsa ya ajiye a gabana. Ni na wanke sauran ukun. Oga Chinedu ya haɗa mu da mai fenti a Sabon Gari, aka sake fesa na huɗun, amma har yau in rana ta haska shi ya fi 'yan'uwansa duhu kaɗan.

Kada ku ɗauka Alhaji ya sauya. Bayan mako biyu ya dawo, ya zauna a kujerarsa, na sa buroshi mai laushi, bai yi minti uku ba ya fara mutsu-mutsu yana cewa wurin ya yi shiru. Sai na yafito Ila, abokin aikina, na ce ya ɗauki tsohon buroshin taya ya zaga ɗaya gefen ya yi ta gurzar tabarmar robar da ake takawa. Ƙara ta cika wuri. Alhaji ya gyara zama ya lumshe ido.

Abin da sana'ar nan ta koya mini ke nan: mota da mai ita kowa da abin da yake so, kuma mai ƙafa dole ya san na kowa. Wili yana son laushi, mai shi yana son ya ji ana wahala dominsa. Don haka uku na farko na mota ne, ku gwada su a bayan hannunku. Na huɗun, tsohon buroshin tayar nan, na kunnen mai mota ne, kada ya kusanci wili. Jiya ma Alhaji Bukar ya zo, Ila ya gurji tabarma har ya yi gumi, ni kuma na wanke wili huɗu a tsugune ba wanda ya ji motsina. Da zai tafi sai ya dafa kafaɗar Ila, ya juyo ya ce mini, “Malam Sani, ka riƙa koyi da wannan.”