Ranar da Na Yi wa Maɗori Talla a Kasuwar Mai'adua

Kada ka wahala wajen neman wawan da ke cikin wannan labari, ni ne. Har yau in ƙanshin man shanu ya bugi hancina, ba tuwo nake tunawa ba. Zauren babana nake tunawa, da ƙafar wani bawan Allah da ta kusa sa mu ɗaure kayanmu mu bar gari.

Baba maɗori ne a wani ƙauye gefen Zango. Kayan aikinsa ba su da yawa: karan dawa da ya fere, tsumma, man shanu a ƙoƙo, sai addu'a. Ba ya kiran kowa, wanda ya karye ake kawo masa. To, wata bazara sai ga sabon maɗori ya sauka daga tsallaken iyaka, har da maroƙinsa mai faɗin baki. Duk karaya ta koma can. Zaurenmu ya zama wurin hutun awaki, Inna kuma ta fara auna hatsi da ƙaramar ƙwarya.

Ni lokacin ina aji uku na elemantare, wanda daga shi ban ƙara ba. Na iya rubuta sunana, na san ana cewa duniya zagayayyiya ce, don haka na tabbata babu mai hankali a gidan sai ni. Na ga masu maganin basir suna ihu a kasuwa ana rububinsu. Na ce ai matsalar Baba shiru ce, kuma ni ne maganinta.

Ranar kasuwar Mai'adua na bi baffana da zai sayar da tunkiya, na sulale na shiga kara, inda ake cinikin shanu. Nan ilimina ya yi aiki. Na ce ba kowa zan yi wa talla ba, sai waɗanda na ga alamar za su buƙata: masu riƙe bijimai da masu loda shanu a mota. Na sami wani dillali ƙaƙƙarfa, yana jan bijimi da igiya. Na durƙusa na gaishe shi da ladabi, na ce, "Baba, ranar da ka karye, kada a kai ka wurin baƙo. Ka ce a kawo ka gidanmu."

Ya dube ni, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan wane ne kai?" Ni kuwa na faɗa, har da kwatancen gida da bishiyar da ke ƙofa.

Kafin la'asar bijimin nan ya fizge shi daga kan mota, ƙwaurinsa ya karye.

Rana ta yi ja, muna ƙofar gida, muka ji ƙarar amalanke. 'Yan'uwan dillalin ne suka turo shi, kowa da sanda a kafaɗa, mutanen gari na biye. Ba wanda ya yi sallama. Babban wansa ya ce, "Ina yaron da kuka aika?" Na shige bayan rumbu. Wan nasa ya ce maɗorin da ciniki ya guje wa ya koma asiri, yana karya mutane don a kawo masa. Ka san irin wannan magana in ta kai kunnen mai gari, ba ka ƙara shan ruwan rijiyar garin.

Baba ya fito, ya dubi ƙafar, bai dubi sandunan ba. Ya ce, "Ku shigo da shi. Ƙafa ba ta jira, magana tana jira." Ya sa aka jawo ni daga bayan rumbu, ya ce ni zan riƙe ƙoƙon mai. Na durƙusa gefensa da ƙoƙon. Da Baba ya ja ƙashin, ƙarar da mutumin ya yi sai da ta tashi kaji. Wansa ya gyara riƙon sanda ya ce, "In ta miƙe, mun yafe. In ta karkace, mun san gidan."

Mutumin ya yi jinya a zaurenmu har damina ta faɗi. Duk tsawon lokacin ba wanda ya sayi ƙosan Inna. Mata na janye 'ya'yansu in na wuce, wai bakina yana kamawa. Kullum safe ni nake fara leƙa ƙafar nan kafin in wanke ido. Ranar da aka kwance karan ya taka, ya sake takawa, ya tafi tsaye ba ɗingishi, sai da na ga Baba ya zauna a ƙasa.

Bai doke ni ba, na ma fi son ya doke ni. Cewa kawai ya yi, "Mu ba ma gayyata. In ka gayyaci mutum gidan maɗori, fatan karaya ka yi masa."

Na gaji sana'ar, na kuma gaji shirun. Yanzu babura sun cika hanya, ana karyewa fiye da da, amma zaurena ya koma na awaki. Kwanan baya jikana, mai haɗa wutar sola a gidajen mutane, ya zo yana nuna mini yadda yake tura hoton aikinsa a waya, har daga Daura ake kiransa. Ya ce, "Tsoho, kawo in ɗauke ka kai ma, a san kana nan." Na gyara zama, na kwashe labarin nan kaf na ba shi, na ce talla ba ta mutanen kirki ba ce.

Kakarsa tana gefe tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, tun da ka rufe bakinka ba wanda ya fasa karyewa. Mu ne dai muka fasa cin nama."