Yaya Nasiru da Tsohon Telan Manchester

Shekara shida ke nan da muka binne yayana, Nasiru, a nan Kuala Lumpur. Zazzaɓin dengi ne ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, yana dab da kammala digirinsa na uku. Har yau in lokacin ya zagayo sai na kasa zama wuri ɗaya. Jiya ma na hau jirgin ƙasan cikin gari, LRT, daga Wangsa Maju ba tare da sanin inda za ni ba, ina ta juya maganar da mutane suka yi a wajen zaman makoki: wai da bai ɓata lokacinsa a kan yara ba, da ya rasu yana dakta.

Halin nan a Ingila ya samo shi. Lokacin da yake digiri na biyu a Manchester, ya yi aikin guga a shagon wani tsohon tela Bayahude. Yaya ya ce in jikan tsohon ya shigo daga makaranta, ko yana tsakiyar auna mai kwat ne, sai ya ajiye almakashi ya durƙusa ya saurari yaron har ya gama. Ranar Juma'a kuwa tun rana ba ta faɗi ba yake rufe shago, ya je gida ya ɗora hannu a kan kowane yaro ya sa masa albarka. Da Yaya ya tambaye shi ko ba ya tsoron masu kawo ɗinki su gudu, sai ya ce, "Wandon nan gobe yana nan yadda na bar shi. Yaron nan gobe ya canza."

Yaya ya riƙe wannan sosai. Ya ce ai addininmu ma amana ya kira 'ya'ya, mu ne muke mantawa. A ɗan gidansu na Pantai Dalam na sha ganin ya rufe kwamfuta a tsakiyar jimla don Zainab, babbar 'yarsa, ta zo da labarin ƙawarta da ta ƙi yi mata magana. Akwai ranar da malamin da ke duba aikinsa ya sa masa ganawa daidai lokacin da za ta yi karatu a gaban 'yan makarantarsu. Ya ba malamin haƙuri ya tafi makarantar. Malamin ya ji haushi, aka ɗage masa ganawar har zango na gaba, tallafin karatunsa kuma yana neman ƙarewa. Matarsa, Anti Hauwa, ta yi kuka. Ni ma na ce masa, "Yaya, karatu fa ya kawo ka ƙasar nan." Murmushi kawai ya yi, ya ce in zo mu je mamak, ɗan gidan abincin unguwa, mu sha shayi.

Yanzu ni ne mai koyarwa, da 'ya'ya biyu. Ina fita suna barci, in dawo da abincin tapau, wato na saye, a leda, waya na kunnena. In na yi musu Hausa, da Turanci ko Malayanci suke amsa mini. Ina tunanin me Yaya zai ce in ya ga zamaninmu, da uba da ɗa ke zaune kujera ɗaya kowa ya sunkuya kan wayarsa. Ban kuma daina tambayar kaina ko masu zaman makokin nan suna da gaskiya ba, domin Anti Hauwa ta sha wuya bayansa, kuma da takardar digirin nan ta fito da wani abin ya zo da sauƙi.

Makon jiya na kai wa Anti Hauwa da yaran ziyara Danau Kota, inda suke zaune yanzu. Zainab ta zama budurwa, tana shirin shiga jami'a. Na tambaye ta ko ta san fannin da mahaifinta yake bincike a kai. Ta girgiza kai.

"Wallahi Baffa ban sani ba," ta ce, da Hausarta tsaf irin tasa. "Ina ƙarama na ɗauka Abba ba shi da aikin yi. Duk sanda na zo, yana nan."

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya haskaka makwancinka.