Tagar da Ba Ta Buɗe Ba

Mai Juyi ake ce masa a layin masu gyaran waya. Ka kawo masa zane mai motsi irin na tsofaffin shafukan intanet, wanda wayoyin yanzu suka ƙi buɗewa, ya juya maka shi ya koma bidiyo. Shagonsa ɗan tsukuku ne: teburi ɗaya, fanka mai tari, da kwamfutar da ta girmi wasu kwastomominsa. Kunna zanen yake yi, ya bar kwamfuta ta naɗi abin da ke wucewa a fuskarta, shi kuwa ya juya baya yana kurɓar shayi. Tana gamawa sai ya goge na asalin. "Shara ce, cika wuri kawai take," in ji shi. Tsabtar aikin nan tasa, wallahi, har ta yi yawa.

Cikin 'ya'yansa Auta ce ta gado hannunsa, har ta fi shi, don ita ƙirƙirar zanen take yi. Ta taɓa zana gidansu, da igiyar shanya tana lilo, da taga a rufe. "Baba, zo ka gani," ta sha ce masa. Kullum amsar ɗaya ce: "Anjima, uwata." Anjimar ba ta zo ba, ciwo ya ɗauke ta tana tsakiyar karatu.

Tun daga nan mahaifiyarta ba ta da abokin hira sai tsohuwar kwamfutar Auta. Da kwamfutar ta fara ɗaukewa tana dawowa, hankalin matar ya tashi.

"Baban Auta, ka mayar mini da zanen gidan nan cikin waya kafin abin nan ya mutu. Shi kaɗai ya rage mini."

Da ƙyar ya ciro zanen a shago, kwamfutar Auta ta mutu murus. Ya kunna shi a tasa kwamfutar, gidan ya bayyana, zuciyarsa ta karye, ya kasa kallo. Ya juya baya har naɗin ya ƙare. Hannu kuma ya yi abin da ya saba, ya goge na asalin, ya ɗora ayyukan mutane a kai har yamma.

A gida matar ta karɓi wayar da hannu biyu. Ga gida, ga igiya tana lilo. Ta sa yatsa ta taɓa tagar, bidiyon ya tsaya cak. Ta sake taɓawa, ya ci gaba.

"Ya ba ta buɗe ba?"

"Mece ce za ta buɗe?"

"Tagar mana! Ai sai an taɓa ta take buɗewa, Auta ta leƙo ta yi magana. Da muryarta fa."

Ya tsura wa wayar ido. Bidiyo ba ya jin taɓi, abin da aka naɗa shi ke nan, kuma shi ya fi kowa sanin abin da ya goge ba ya dawowa.

"Me take cewa?" ya tambaya.

Matar ba ta ɗago ba, yatsanta na kan tagar. "Cewa take, 'Yauwa Baba, yau dai ka zo ka gani.'"